Hagun Allon Jirgin Abba

Ku da muka saba, sannunku da jimirin bibiyata. Sabbin zuwa kuma ku matso kusa ku san da wa kuke magana. Sunana Ihsan, ni ce 'yar fari a gidan Alhaji Halliru. Ina zaune a Levenshulme cikin Manchester, a wani ɗan flat da ke saman shagon ɗinki, ni da ƙawata Bethany 'yar Jos. Aikina tsara wayoyi da na'urorin jiragen sama ne, kuma na iya, ba na jin nauyin faɗa. Ina da lasisin tuƙa ƙaramin jirgi tun ina uni, don Abba da kansa ya ja ni makarantar tuƙin da ya yi.

Abbana injiniyan gadoji ne da ya yi ritaya. Wasu iyayen in sun ajiye aiki sai su kama lambu. Nawa jirgi ya kama ƙerawa, mai kujera biyu, a garejin gidanmu na Birmingham. Shekaru ke nan motar Mami na kwana a waje ruwa na dukanta, fukafukai na rataye a bango. Yanzu an zo kan panel, wato allon da ke gaban matuƙi, inda ake jera duk abin da zai gaya maka gudunka da tsayinka da lafiyar injinka.

Allon nan faɗinsa bai fi tiren shayin Mami biyu a jere ba. Amma Abba so yake ya ɗauki babban screen mai inci goma, da rediyo, da transponder mai sanar da masu kula da sama inda kake, da agogunan nan nasa biyu masu allura na gudu da na tsayi, ga makunnai ga fis na wutar lantarki. Ta baya kuma akwai wani ƙarfe da ya gitta, rediyo ba ta shiga ko'ina sai wuri ɗaya ko biyu. Kuma in ka huda allon ka huda ke nan, babu komawa. Shi ya sa na yanka masa kwali daidai girman kowace na'ura, ya riƙa liƙawa yana cirewa har mu daidaita.

Ranar Alhamis Mami ta kira ni ina cikin bas.

"Asabar kina zuwa ko?"

"In sha Allah, Abba ya ce mu gama maganar allo."

"To ki zo da atamfarki mai ruwan zuma. Kada ki shigo min da wandon aikin nan mai aljihu goma."

Nan na gane. Dakta Nuruddeen ne zai zo, ɗan ƙawarta Hajiya Zinatu, likitan ido a babban asibitin Edgbaston. Tun bara Mami ke tallarsa a kunnena. Ni kuwa a wayata "Likitan Mami" na sa masa. Saƙonsa kullum iri ɗaya: "Barka da aiki, Allah Ya taimaka." Ni kuma in tura masa "Amin" in wuce. Jama'a, mutumin da ko alamar dariya bai taɓa turo min ba, me zan yi da shi?

Na sa atamfar, ba don shi ba, don kunnena ya huta. Na yafa mayafi ruwan madara, amma takalmin aikina na zura, Mami ta ƙarata can. Ina shiga gida ƙamshin turaren wuta da na masa suka tare ni, an fito da kwanukan nan masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai da dalili. Na gaishe ta, na faki idonta na zame gareji.

Abba na zaune a kujerar hagu ta jirgin, kujerar matuƙi, da hularsa ta sanyi da tabarau a goshi. Ina ganin allon na riƙe ƙugu. Duk kwalayen ya tattara su daga tsakiya zuwa dama, wani kan wani, gefen hagu kuwa fayau, ko makunni ɗaya babu.

"Abba, ina wuni. Wannan kuma wane irin tsari ne?"

"Lafiya lau, Injiniya. Wuri ne ya yi kaɗan, ina ta fama."

"Ga wuri nan a gabanka ka bari! Matuƙi a hagu yake zama. Screen nan ya kamata ya zauna, saitin idonka. Ka kai shi gaban fasinja, in za ka sauka sai ka riƙa leƙe?"

"Can ya fi min."

"Rediyo ba za ta shiga nan ba, ƙarfen baya zai tokare ta. Na faɗa maka tun a waya."

"Ihsan, jirgina ne ko naki?"

Na san Abbana da kafiya, amma ban san shi da tsarin banza ba. Mutumin da ko cokula a kicin sai ya jera su bisa tsawo.

Muna haka Mami ta turo baƙon. Dogo ne, farar shadda ɗinkin tazarce, da baƙar jaket a kai saboda sanyi. Ya shigo ta ƙaramar ƙofa, wadda ke hagun jirgin, ya tsaya dab da kafaɗar Abba ya miƙa hannu biyu. Abba ko motsi bai yi ba, yana ta danna kwali. Hannun bawan Allah na rataye a iska har na fara jin kunya. Sai da ya ce, "Assalamu alaikum, Abba," sannan Abba ya zabura kamar an taɓa shi da ruwan sanyi, ya juyo da kansa gaba ɗaya.

"Af, Nuruddeen! Yaushe ka shigo? Kai ba ka da motsi ne?"

A raina na ce, su Abba an fara jan aji irin na surukai.

Suka gaisa. Nuruddeen ya gaishe ni a taƙaice, ya tsaya yana sauraron gardamarmu, idonsa na kan Abba ba kan jirgi ba. Can ya ce, "Abba, in gwada wani wuri?" Ya ɓare kwalin rediyo ya liƙa shi a gefen hagu, daidai gaban gwiwar Abba. Abba a lokacin yana gyara tabarau. Da ya ɗago sai ya fara dube-dube.

"Ina rediyon ta shiga? Ihsan, ta faɗi ƙasa ne?"

Na tuntsire da dariya. "Abba, ga ta nan a gabanka!"

Ya karkato da wuya, ya gan ta, shi ma ya yi 'yar dariya ya ce tsufa ne. Nuruddeen bai yi dariya ba. Na ƙara jin haushinsa.

Bayan an ci masa da miyar taushe, Mami ta ce ai Nuruddeen zai sauke ni a tasha, ta faɗa da muryar da ba a musa mata. Muna fita layinmu ya rage sautin rediyon motar.

"Ihsan, zan faɗi wata magana, ba za ta yi miki daɗi ba."

Na ce a raina, to, yau za a yi ta. Na gyara mayafi ina shirya amsar ƙin yarda mai ladabi.

"Abba ba ya ganin gefensa na hagu."

Na juyo na dube shi. "Ban gane ba."

"Ban auna shi ba, kuma gareji ba asibiti ba ne. Amma bai ga hannuna ba, bai ga kwalin ba. Allon nan ba wuri ne ya yi masa kaɗan ba, rabinsa yake gani. In zatona ya yi daidai, matsalar ba a idon take ba, daga ƙwaƙwalwa ne. A kai shi a duba shi yau, ba gobe ba. Kuma kada ya sake tuƙa mota."

"Daga zuwa cin masa sai ka ɗora wa ubana ciwo? Haka kake shiga gidajen mutane? Abbana yana tuƙa jirgi tun kana secondary!"

"Ki ji haushina yadda kike so," ya ce, ko muryarsa ba ta canza ba. "Ki goge lambata ma. Amma ki kai shi."

Muna isa tasha na fita na buga masa ƙofa.

A cikin jirgin ƙasa na buɗe hirarmu da Abba don in ƙaryata shi. Abba ba ya gajiya da turo min hoton allon. Na farko-farko tsaf suke, screen a hagu, komai a mazauninsa. Daga bayan Babbar Sallah kwalayen suka fara gangarawa dama, hoto bayan hoto. Na kira Bethany, ita nas ce, na karanta mata komai.

"Ihsan, ke yanzu kina ina?"

"Mun kusa Wolverhampton."

"To me kike jira? Sauka ki koma."

Na sauka, na tsallaka ɗaya gefen, na hau mai komawa.

Ana shirin magariba na same shi a garejin shi kaɗai. Ban yi sallama ba. Na shiga ta ƙaramar ƙofa na tsaya a hagunsa, na ɗaga hannu, na kaɗa mayafina har iskarsa na taɓa hularsa. Abbana yana ta 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Ni da ba na kuka a gaban mutane, sai ga hawaye.

"Abba."

Ya zabura ya juyo. Ya dubi fuskata, ya dubi hannuna da ke sama, sai ya sauke tabaransa a hankali.

"Yaron nan ne ko?"

"Tun yaushe, Abba?"

"Wata safiya na tashi da ciwon kai. Ciwon ya tafi. Daga nan ƙofofi suka fara dukan kafaɗata." Ya shafa gefen jirgin. "Na sani, Ihsan, ni ba yaro ba ne. Cewa na yi bari in gama shi, in ɗaga shi sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Sannan in je su faɗi abin da za su faɗa."

"In wani jirgin ya taho ta hagunka fa? In a kan titi ne, yaro ya tsallako?"

Na miƙa hannu. "Ba ni makullin mota. Mu yi sallah in kai ka."

Ban taɓa yi wa Abba magana haka ba. Ya zaro makullin daga aljihun rigar sanyinsa ya ajiye a tafina.

Hoton kansa da aka ɗauka a asibiti ya nuna wata ƙaramar jijiya ce ta toshe a bayan ƙwaƙwalwarsa, ta tafi da gefen hagu na ganinsa a duka idanun biyu. Likitar ta ce Allah Ya taimaka da aka zo, don irin wannan kan zama gargaɗin babba. Aka ɗora shi kan magani. Mota kuwa da jirgi, ta ce ya ajiye. Mami ta yi kuka ta yi faɗa ta sake yin kuka. Abba ya dawo gida ya sa wa gareji kwaɗo, ya daina turo min hoto.

A makonnin nan ne na san waye Nuruddeen. Ni na fara tura saƙo: "Ka yi gaskiya. Ka yafe min ƙofar motarka." Ya amsa: "Ƙofa ta yafe. Ya jikin Abba?" Daga nan kullum sai ya tambaya, ya kuma koya min abubuwa: mu riƙa zuwar masa ta dama, Mami ta daina ajiye kofi a hagun farantinsa. Wata Lahadi ya zo Manchester gaida kawunnansa, muka ci gasasshen kifi a Stockport Road, Bethany na teburin gefe tana yi mana gadi. A nan ya faɗa min sirrinsa.

"Ni fa tsoron jirgi nake. Ko na zuwa Kano, tun daga tashi har sauka idona a rufe."

Na yi dariya har na ƙware. "Kuma ka rasa wadda za ka nema sai ni?"

"Shi ne nake ta mamakin kaina," ya ce, ya yi murmushi. Ashe yana da wushirya. Duk tsawon lokacin nan ban sani ba.

Kada ku tambaye ni sunan da na mayar masa a waya. Ba zan faɗa ba.

Sai ga kiran Abba wata Laraba, ina tsakiyar aiki. "Injiniya, Asabar ki zo da kwalayenki."

Na same shi ya buɗe gareji ya share. Ya ɓare komai daga allon. Kuma a kujerar dama yake zaune.

"Hau," ya ce, ya nuna min ta hagu da haɓa. "Ke ce matuƙiya. Tsara yadda za ki iya."

Na hau, na ɗaura bel don in ji iya inda hannuna ke kaiwa. Na riga na kwana da tsarin a kaina, don haka ban yi wata-wata ba.

"Screen mai inci goma ya tafi, Abba. Mai inci bakwai ya ishe ni, nan saitin idona. Lafiyar inji ma a cikinsa za ta fito, ba sai mun ƙara agogo ba."

"Rediyo fa, da ƙarfen baya?"

"Akwatinta da na transponder za su koma bayan kujera. A allo 'yan kawunansu masu maɓallai kawai za mu sa, nan tsakiya. Zan sake auna nauyin jirgin in ga bai karkata baya ba, sannan in tura wa inspector na hukumar jirage ya duba kafin mu taɓa komai. Makunnai a jere a ƙasa, inda zan same su ko ban duba ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauko kwalayen agogunansa biyu masu allura, yana juya su a hannu. Tun kafin ya sayi ƙusa ɗaya ta jirgin ya saye su. "Waɗannan sai a mayar kwali ko? Babu wuri."

"Akwai." Na karɓa na liƙa su a gabansa, na ɗan matsar da su dama. "Kana ganinsu?"

"Ina gani."

"Duka biyun?"

"Tar."

"Zan sa musu mazauni mai ɗan karkata, ni ma in hango su daga nan in screen ya ɗauke. Amma kai ne mai su. Duk saukar da za mu yi, kai za ka riƙa karanto min gudu. Kuma sararin dama naka ne, in ka ga jirgi ka faɗa."

Ya daɗe yana kallon kwalayen nan. Ya ciro hankici ya goge tabaran da ba su yi datti ba. Sannan ya ɗauki maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ya zagaye kowane kwali a jikin allon, a hankali, layinsa miƙe kamar da ruler.

"In inspector ya amince, ke za ki huda," ya ce. "Hannunki ya fi nawa yanzu."

Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Shi ya ja ni na saki baki. "Nuruddeen ma zai ji daɗi, kullum sai ya tambaye ka."

Abba ya rufe makar, ƙas.

"Ihsan, ki saurare ni. Na san yaron nan ya yi aikinsa. Na san abin da likita ta ce. Amma ya shigo garejina a matsayin baƙo, ya gwada ni kamar yaro a gaban 'yata, ya fita bai ce min uffan ba, ya je ya faɗa a mota. Da ni ya kamata ya yi magana, namiji da namiji. Ba na son in sake ganinsa a gidan nan."

"Abba, da ya faɗa maka, za ka je?"

"Na gama magana."

Na san amsar, shi ma ya sani. Na sauko daga jirgin, na shiga kicin. Mami na yanka alayyafo, fuskarta sai sheƙi take, ta saka sabon leshinta mai ruwan toka ba tare da wani dalili ba.

"Kin ga saƙo?" ta ce.

Na duba waya. Nuruddeen ne: "Hajiya da Mami sun yi magana. Kawunnaina na Manchester suna so su zo gaida Abba Asabar mai zuwa. Ban ce musu e ba. Sai abin da kika ce."

Na ɗago. "Mami, Abba ya sani?"

"Ai na ce ke za ki fara ji, sannan in lallaɓa shi."

"Yanzun nan ya ce kada Nuruddeen ya sake tako gidan nan."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. "Innalillahi. To mu dakata, Ihsan. Mu bari ya huce, ko bayan azumi ne."

Ku duba fa, matar da ta shekara tana tura ni, yau ita ke cewa a dakata. Na sake karanta saƙon. Na tuna mutumin da ya zaɓi in tsane shi a kan ya yi shiru. Na rubuta masa: "Su zo." Na tura, na kife wayar a kan tebur.

"Me kika yi?" Mami ta ce.

Ban tsaya ba ta amsa ba. Na koma gareji, na yi sallama da ƙarfi. Abba na tsaye yana goga gefen allon da zarto, ƙarar ta cika ɗakin.

"Abba, Asabar mai zuwa kana da baƙi daga Manchester."

"Su wa?"

"Kawunnan Nuruddeen. Ni na ce su zo."

Ƙarar zarton ta ɗauke. Ya ajiye shi a kan benci, ya kakkaɓe hannunsa, ya juyo gaba ɗaya ya dube ni tun daga mayafi har takalmi. Ban sunkuyar da kai ba.

"Ke kika ce," ya maimaita.

"Ni na ce, Abba."

Ya ja kujera ya zauna, ya nuna min ɗayar.

"Rufe ƙofar nan. Kafin ki zauna, kira min uwarki."